Wa Ya Cire Wayar Fankarka?

Zuwa ga Baban Rabi,

Bayan gaisuwa irin wadda na saba yi maka da safe, kana amsawa kanka a sunkuye kan aiki. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa can ta fi nan. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da ranka ma ba lalle ka karanta ba, sai ka ninke ta ka goge burushi da ita. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk wanda zan iya gaya wa a gidan nan maganar ta shafe shi. Kai kaɗai ka rage, kai ɗin ma ban wanke ka ba.

Bari in fara da labarin gida. Gobe nake fita takaba. Rabi ta sauka lafiya, namiji, kuma an yi maka takwara. Ka ga yanzu mutum biyu ke nan bakina ba ya iya faɗin sunansu, sai muke kiransa Baba. Kunnuwanka ya ɗebo, Allah sarki, bai san abin da ya ɗauko ba. Mijin Rabi ya zo daga Illela ranar suna, ya yi kuka kamar ba namiji ba. Gero ya yi kyau a Dogarawa, wake ne dai bai yi ba. Magaji, babban ɗanka, zai iso daga Yamai da hantsi saboda sadaka. Ya riga ya gaya mini ta waya cewa ana watsewa daga sadakar zai wuce komisariya, wajen 'yan sanda, ya kai ƙarar maƙwabcinmu, Malam Sha'aibu mai tattabaru. Dalilin wannan wasiƙa ke nan.

Ka san tun farko ban so akwatin nan naka ba. Lokacin da likita ya ce ƙirjinka ya sha fentin mota ya ƙoshi, ka bar gareji, murna na yi. Na ce yanzu zan sami miji mai zama a ƙofar gida yana jan carbi kamar sa'o'insa. Ashe ban san wanda na aura ba. Ka bar manyan motoci ka koma ƙanana. Ka tara gwangwanin madara da na tumatir, kana yanka kana naɗewa, kana ƙera kamyon, irin babbar motar ɗaukar albasa, da bai fi tsawon hannu ba, har da tayoyi da madubi da buhunan da ka sa ni na ɗinka maka. Direbobi suka yi ta zuwa, kowa yana so a yi masa irin tasa motar ya ajiye a ɗaki. Sai ka sayo wata 'yar bindigar feshi kamar alƙalami, ka jona ta da injin tsohon firiji don ya ba ta iska. Na ce maka fenti dai fenti ne, ko da cokali aka sha shi. Ka ce in saurara in gani.

Abin da na gani shi ne ƙofar kabad ɗina ta ɓace. Da ita da wasu katakai ka harhaɗa akwati a shagon da ke jikin zaure, gabansa a buɗe, bayansa da rami. Ka fasa bango ka zura tiyo na roba zuwa waje. Ka yanko soso daga tsohuwar katifa, siriri, ka manna a gaban ramin don ya tare ƙurar fenti. Ka sa ƙwan lantarki a sama. Har murfin tukunyata ka ɗauke, ka ɗora shi a kan boris na keke don ka riƙa juya mota ba tare da ka taɓa ta ba. Fanka ce ta ba ka wahala. Ka ce ba kowace fanka ake sa wa ba, dole sai wadda injinta yake a rufe, ba ya tartsatsi, domin tururin tina da ake tsinka fenti da shi wuta yake jira. Ka daɗe kana nema kafin ka samu ɗaya a jikin wata tsohuwar na'ura da aka yar daga wani buro, wato ofis.

Ranar da ka gama, ka leƙo tsakar gida ka ce in kawo kaskon turarena. Na zaci abin arziki ne ya tuno maka da ni. Ka ajiye kaskon a bakin akwati, ka kunna, sai ga hayaƙin ya miƙe ya shige soso kamar ana jansa da igiya. Ka dube ni kana jira in yaba. Ban yaba ba, na ce turarena kake ƙonawa a banza. To yau na yaba. Aikin ya yi kyau, Malam.

Inda tiyon ya fito ne aka sami matsala. Bakinsa ya dubi katangar Malam Sha'aibu, daidai inda ya rataya tukwanen tattabarunsa. Da 'ya'yan tattabara suka mutu masa a jere, ya zo zaure ransa a ɓace, ina jinku daga ciki. Kai da taurin kai ka ce ciwon tsuntsaye ne ya shigo gari. Shi kuma ya ce, "In ba ka tsai da abin ga ba, ni ka tsai da shi da hannuna." Daga baya ka ƙara wa tiyon gwiwa, ka ɗaga bakinsa ya wuce rufin ɗaki, kuka shirya, kuka ci gaba da tafiya masallaci tare. Kai ka manta da maganar, ni ban manta ba, kuma na yi kuskuren ba Magaji labari tun a lokacin, muna dariya.

Ka tuna da damina ta faɗi muka tafi Dogarawa noma? Kamar yadda aka saba tun muna amare, makullin zaure da na shago a hannun Malam Sha'aibu ka bar su. Muna can aka aiko cewa Rabi na da ciki, likita ya ce ta kwanta ta huta, saboda biyun da suka zube mata a baya. Muka dawo gida Ƙonni, aka kawo ta goyon ciki tun da sauran lokaci. Kai kuma ka koma shago, domin ka yi wa Ilu direba alkawarin motarsa, mai ja da shuɗi.

Tun daga nan abubuwa suka canza, kuma ina gani. Ka fara rufe ƙofar shago da taga in za ka yi feshi, ka ce warin yana tayar wa Rabi zuciya. Kayanka suka koma warin gareji. In na wanke hankicinka sai in ga ja da shuɗi a ciki. Na tambaye ka, ka ce hannu ka goge. Hanci kake gogewa da shi, Malam, ni ba yarinya ba ce. Tarin ya dawo, ya fi na da. Ba a kai ga yankan gero ba muka kai ka likita, kuma ba ka dawo da ƙafarka ba. Ajali ne, na sani, kuma ƙirjin dama ya daɗe da gajiya. Ba wanda zai ce mini ga abin da ya ƙarasa shi. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Bayan addu'ar bakwai Magaji ya shiga shago zai cire batirin da ke ba akwatin wuta. Ya fito ya kira ni. A gefen akwatin, wayar da ke kai wa fanka wuta a cire take. Ba tsinkewa ta yi ba. An kwance ta, an naɗe bakinta da baƙin salatif, an lanƙwasa ta an ajiye tsaf. Ƙwan lantarki yana kamawa, fanka ba ta motsi. Ya ce, "Inna, wanga ba aikin ɓera ba na, aikin mutum na." Ya lissafa mini: wa ya yi barazana, wa ya riƙe makulli duk tsawon noma, wa ya yi shekaru yana gyaran rediyo a kasuwa har ya san waya? Biri ya yi kama da mutum. Na ce ya bari sai na fita takaba, ya bari, amma bai sauka ba.

Ka san takaba zama ce, kuma mai zama ba ya rasa abin saƙawa. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to ni na kwashi zunubi a watannin nan. Malam Sha'aibu shi ya shiga kabari ya karɓe ka, sai na ce a raina mai laifi ne ke rawar jiki. Da ya yi kuka wajen gaisuwa na ce kukan ya yi yawa. Da ya daina shigowa zaure na ce kunyar abin da ya aikata ce. Matarsa Hajo, wadda ta riƙe ni a haihuwar 'ya'yana duka, ta miƙo mini kwanon tattabaru ta kan katanga, na karɓa na yi godiya, na juya na zuba wa kaji romon. Ta gane. Unguwa ma ta gane, don magana ba ta buƙatar ƙafa. Yanzu an ce in ya shiga sahu a masallaci akwai masu matsawa.

Amma akwai abin da ya hana ni sakewa da wannan zato, kuma kai ne. Magaji ya ce gareji ya cinye maka kunne, ƙarar injin firiji ta rufe ta fanka, soso kuma ya ɓoye ta, shi ya sa ba ka lura ba. Shi yaro ne, a Yamai yake. Ni da na zauna da kai na san mutumin da ke gane fenti ya yi kauri daga jin ƙarar feshi ba zai yi wata da watanni gaban matacciyar fanka bai sani ba. Kai da kake gwada ta da turare? Kuma tun da muka dawo daga gona ba ka sake cewa in kawo kasko ba. Me ya sa?

Daga nan zatona ya juyo kanka, kuma wannan ya fi ciwo. Na ce ko ka gaji ne? Ko likita ya gaya maka wani abu a keɓe, ka ga gara a yi ta ta ƙare? Ko mu ne muka ishe ka, ni da bakina? Na yi ta tuno ranakun ƙarshe ina neman alama, yadda ka ci tuwo, yadda ka dubi Rabi, yadda ka ce a gyara rufin rumbu kafin kaka. Na ji haushinka ƙwarai, Baban Rabi. Ina yi maka addu'a ina jin haushinka.

Shekaranjiya Ilu direba ya yi sallama. Motarsa ce ta lalace masa a hanyar kurmi, can kudu, ya daɗe can, sai a hanyar dawowa ya ji rasuwar. Ya yi gaisuwa daga zaure, ya aiko mini da kwali. Ya ce saƙonka ne, tun damina ka roƙe shi ya nemo maka, ka ce da gaggawa, ka kwatanta masa irin da kake so har ka zana masa a ƙasa. Na buɗe kwalin. Fanka ce, sabuwa, mai rufaffen inji.

Na zauna da ita a cinya. Wanda bai san fankarsa ta tsaya ba ba ya aika a sayo wata. Wanda kuma ya gaji da duniya ba ya cewa da gaggawa. To in waya ce kawai aka cire, me ya hana ka mayar da ita, aikin da bai kai shan kunu ba?

Da Rabi ta shiga wankan jego na ɗauki makulli na buɗe shagon, karo na farko tun ranar da Magaji ya nuna mini wayar. Motar Ilu na nan kan murfin tukunyata, a gama, tana ƙyalli. Na sa hannu na ɓamɓare soson. A bayansa na tarar da wani ɗan gwangwanin tumatir, an yanka shi an yi rumfa da shi, an ɗaure a jikin fankar. Bakinsa a naɗe yake ciki sau biyu, yadda kake naɗe duk abin da ka yanka don kada ya yanki yaro. Ko cikin gwangwani dubu zan gane naɗinka. Na ɗaga rumfar. Gidan zanzaro ne a ƙarƙashi, na laka, ɗaki-ɗaki, ya kama reshen fanka ɗaya ya haɗe shi da jikin ƙarfen. Ta cikin tiyo ya shigo ya yi gininsa muna gona. Da ka kunna fankar sau ɗaya, da ginin ya zama gari.

Kai, Malam! Kai da ka yi shekaru kana yi mini dariya? Duk gidan zanzaron da ka gani a bango sai ka sa tsintsiya, ina cewa ka bari, manya sun ce in zanzaro ya yi gini a gida haihuwa ce ke tafe, in an rushe cikin ba ya zama. Kai kuma kana cewa, "Ƙwaro na da laka, mi ya haɗa shi da cikin mace?" Sai yanzu na tuna ranar da ka daina faɗin haka. Cikin Rabi na biyu ne, da ta zo ganin gida. Ka share wani gini a bangon ɗakin da ta sauka, ba a yi mako ba cikin ya zube. Ba wanda ya ce maka komai, sai gwaggonta da ta yi maganar a tsakar gida, ba ta san kana bayan katanga kana alwala ba. Ka shigo ka ci gaba da harkarka. Na ɗauka ba ka ji ba.

Don haka ka cire wayar da hannunka, don kada mantuwa ta sa ka kunna. Ka yi wa ƙwaro rumfa don kada fenti ya dame shi. Ka rufe ƙofa da taga don kada wari ya kai ga ɗiyarka. Sannan ka zauna a ciki kai kaɗai kana shaƙa. Ba sai ka ajiye feshin ba har fankar ta iso? Ilu zai mutu ne in bai sami motar wasa ba? Amma ka ba da alkawari, kuma hali zanen dutse. Ni kuma me ya sa ba ka gaya mini ba? Na san dalili. Ka san zan yi maka dariyar da ka yi mini, in rama ta shekaru. Da na yi kuwa, sannan in ɓoye maka bindigar a cikin rumbu.

Yanzu Malam Sha'aibu ya fita daga zargi, kuma dole gobe in wanke shi a gaban mutane, domin mun ci mutuncin bawan Allah da bai yi mana komai ba sai alheri. Da a nan maganar ta tsaya, da na yi barci. Amma zato bai sake ni ba, ya dai canza wurin zama.

Wa ya fara ganin ginin nan, kai ko Rabi? Ita ce ke kai maka kunu da safe, ta zauna a bakin shago kana goge gwangwani, sai za ka fara feshi kake korarta. Ita ce mai kunne, za ta ji kukan zanzaro a cikin akwati kafin kai. Tun rasuwarka ba ta bi ta ƙofar shagon ba, zagayawa take yi. Ranar da Magaji ya ambaci komisariya a gabanta, ta tashi ta bar tuwo, ta shiga ɗaki ta juya fuska bango. Na ce nauyin ciki ne. Sau biyu tana tambayata ko ka bar wata magana a likita. Shekaranjiya da na fito daga shagon, da ɓurɓushin laka a yatsuna, tana zaune tana ba Baba nono. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, ta sunkuyar da kai. Ba ta tambaye ni abin da na je yi ba.

Ta roƙe ka ne, Malam? Ta ce Baba don Allah ka bar shi? In ta roƙa, yarinya ce da ta binne fata sau biyu, kuma ba ta san abin da rashin fanka zai yi maka ba, don na tabbata ka ce mata ba komai. Ban sani ba. Kai kaɗai za ka iya gaya mini, ita kuwa ba zan tambaye ta ba har in tarar da kai. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ga abin da na yanke. In na ce kai ka yi don ra'ayin kanka, Magaji ba zai yarda ba. Ya san ubansa ba ya camfi. Zai ce wa ya sa shi, kuma idonsa zai zagaya ɗakin ya tsaya kan ƙanwarsa, tana goye da ɗan da aka biya wannan farashi dominsa. Ba zan bari yaron nan ya girma ana nuna shi da baki ba, kuma ba zan bari nononta ya ƙafe don baƙin ciki ba. To kowa a unguwar nan ya san mai camfin gidan nan ni ce. Gobe bayan sadaka zan kira Magaji da Malam Sha'aibu da Hajo cikin shago, in ɗaga musu rumfar. Zan ce ni na ga ginin, ni na hana ka, ni na sa ka rantse ba za ka kunna ba. Zan ce tsoro ne ya rufe mini baki duk watannin nan. Zan durƙusa in roƙi Malam Sha'aibu gafara, wannan kam da gaske.

Magaji ba zai sake dubana kamar da ba, na sani. Hajo za ta ce na bar mijinta cikin zargi ina sane. Zan ɗauka. Ƙarya ce, kuma zan tsaya da ita gaban Allah in faɗi dalilina. Kai ka ɗauki rabonka a ƙirji ba ka yi shawara da ni ba, to ni ma ban zo shawara ba, sanar da kai nake yi.

Ginin yana nan, ban taɓa shi ba. Kowane ɗaki da 'yar ƙofarsa a huje, 'ya'yan sun fita sun tafi. Sabuwar fankar na mayar da ita kwalinta. Murfin tukunyata dai na ɗauke abina.

Ka yafe mini zaton da na yi maka. Ni na yafe maka rufe ƙofar, ko da yake da kyar. In ka zo wa Rabi a mafarki, ka zo da fara'a, kuma ka kama bakinka yadda ka saba.

Sai mun iso.

Taka har kullum,
Uwar Rabi, mai camfin gidanka